Adakar Kaka da Littafin Gwamnati: Yadda Gana Ke Rubuta Mallakar Fili

A yawancin tsofaffin gidajen zango, daga Ankara har Kumasi, akwai wata adaka ta ƙarfe da ba a buɗe ta sai an yi rasuwa ko rigima ta taso. A cikinta ake ajiye abin da iyali ke kira takardun gida. In aka ba ka izini ka duba, abin da za ka tarar bai wuce rasiɗan harajin gida da aka biya majalisar gari ba, da takardun ruwa da na wuta, wani lokaci da 'yar wasiƙa da ajami wadda aka dangwala wa yatsa, tawadarta ta koɗe. Magada sukan kwashi wannan tuli su nufi ofishin Hukumar Filaye da ƙwarin gwiwarsu, ma'aikaci ya jujjuya takardun, ya duba littafinsa, ya ce musu babu sunan kakansu a ciki. Gida kuwa yana nan tsaye, an haifi uba a cikinsa, an haifi ɗa, an yi sunan jika.

Ma'aikacin bai yi musu ƙeta ba. Littafin da ke gabansa tambaya biyu ya iya: ina filin yake, da awonsa da iyakarsa, kuma daga hannun wa ka same shi. Shekarun da ka yi a wuri, da shaidar liman da ta maƙwabta, ba su da gurbin da za a rubuta su a shafinsa. Yadda littafin ya kasance haka tarihi ne mai tsawo, kuma zango yana cikinsa tun farko, ko da yake ba a ambace shi ba.

Sai mu fara da mai ƙasa. A Gana kusan kashi tamanin cikin ɗari na filaye suna hannun gargajiya ne. A kudu ana cewa ƙasar kujera, domin kujerar sarki ita ke wakiltar jama'arsa. A arewa ana cewa ƙasar fata, domin a kan fata sarakunan can ke zama. A wasu wurare, har da sassan Ankara da yawa, dangi ne ke da ƙasa, shugaban dangi ke riƙe da ita. Abin da ya rage shi ne na gwamnati. Wannan rabo bai zo haka kawai ba. A 1897 Gwamna William Maxwell ya kawo dokar da za ta sa filayen da Turawa suka ɗauka babu mai amfani da su a ƙarƙashin ikon gwamnatin mulkin mallaka. Sarakuna da lauyoyi da attajiran bakin teku suka kafa Ƙungiyar Kare Haƙƙin 'Yan Asalin Ƙasa a Cape Coast, John Mensah Sarbah yana cikin jagororinta. A 1898 suka aika wakilai Landan wurin Joseph Chamberlain, sakataren ƙasashen mulkin mallaka, suka nuna masa cewa a Gwalkwas babu taƙin ƙasa da ba ta da mai ita. Aka janye dokar.

Nasara ce babba, kuma ta cancanci yabon da ake yi mata a makarantu. Amma ga baƙo tana da wata fuska: daga ranar, ƙofar samun fili a kudu ta tabbata ƙofar sarki ce ko ta shugaban dangi. Bahaushen da ya bar Kano ko Katsina ya baro wani tsari daban a baya, domin a 1910 Turawa sun sa dukkan ƙasar Arewacin Nijeriya a hannun gwamna, gwamnati ke ba mutum izinin zama. Irin wannan doka aka shimfiɗa wa yankin arewacin Gwalkwas, ba a kuma mayar wa sarakunan can da ƙasarsu ba sai da tsarin mulki na 1979. A Ankara da Kumasi kuwa, inda manyan zangunanmu suke, mai ƙasa mutum ne mai suna da fada da dangi, kuma shi ma yana da abokan jayayya a cikin gidansa.

Da wannan ƙofa kakanninmu suka shiga. Wasu sun zo cikin sojan da Kyaftin Glover ya tara don yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, aka sallame su suka zauna. Wasu fataken goro ne da malamansu da suka watse bayan yaƙin basasar Salaga na 1892. Ankara ta zama babban birni a 1877, kasuwa ta buɗe, jama'a ta yi ta kwararowa. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Malam Baƙo ɗan Malam Naino ya samu fili daga sarakunan Ga a hayin tafkin Korle, ya kafa Sabon Zango, ya riƙa yanka wa mabiyansa wurin gini. A farkon shekarun 1930 Malam Futa ya samu wurin da ya zama Nima daga dangin Odoi Kwao, lokacin wurin daji ne na kiwon shanu a bayan gari. Tsarin iri ɗaya ne ko'ina. Babba ya je gaban mai ƙasa da gaisuwarsa, a nuna masa daga wancan itace zuwa wancan rafi. Shi kuma ya dawo ya raba wa wanda ya zo, sabon zuwa ya sauka wurin maigida, in ya yi ƙarfi a nuna masa inda zai kafa nasa. Iyaka ita ce katangar maƙwabci da kwatar da ke bin lungu. Rajista kuwa ƙwaƙwalwar dattawa ce, kuma a zamaninta ta yi aiki, domin wanda ya bayar da wanda ya karɓa da waɗanda suka shaida sukan haɗu a masallaci ɗaya sau biyar a yini.

Duk wannan lokaci gwamnati tana da nata littafi. An kafa rajistar takardun fili tun 1883, aka sake dokar a 1895, bayan 'yancin kai kuma aka yi ta 1962. Ya kamata a fahimci abin da wannan rajista take yi, domin rashin fahimtarsa ya cinye dukiyar mutane da yawa. Takarda take rubutawa. In ka sayi fili, lauya ya rubuta yarjejeniyar da muke kira indenca, aka sa hannu, aka yi rantsuwa, aka biya kuɗin hatimi, sai ofis ya karɓi kwafi ya sa masa lamba da kwanan wata. Amfaninta shi ne idan mutum biyu suka fito da takarda daga hannun mai sayarwa ɗaya, wanda ya riga yin rajista shi ke gaba, muddin bai san da cinikin farko ba. Ofis bai taɓa cewa wanda ya sayar maka shi ne mai filin ba. In ƙanen sarki ya sayar da abin da ba shi da ikon sayarwa, takardar za ta shiga littafi da hatiminta mai kyau, kotu kuma ta rushe ta bayan shekara ashirin, domin wanda bai mallaka ba ba ya mallakarwa. Ga kuma babbar matsala a gare mu: kyautar da aka yi da baki, bisa al'ada, halal ce a dokar gargajiya, amma ba ta da takardar da za a kai. Zango ya ginu ne a kan irin wannan kyauta, don haka ya girma a gefen littafi.

Tambaya ta ɗaya, wato ina filin yake, aikin 'yan safiyo ne, su ma zuwansu yana da dalili. A farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turai sun yi rububin karɓar hayar dazuzzuka don haƙar zinariya da saran katako, sarakuna suna bayarwa, iyakoki suna hawa kan juna. Sai gwamnati ta kawo masu awo. Gordon Guggisberg, wanda aka fi sani da gwamnan da ya gina asibitin Korle Bu da tashar jirgin ruwa ta Takoradi, da sarƙar awo ya fara zuwa ƙasar nan a 1902, ya kuma shugabanci ma'aikatar safiyo kafin ya zama gwamna a 1919. Aikinsu shi ne su kafa turakun awo a faɗin ƙasa, kowane turke a san matsayinsa daidai, ta yadda duk filin da aka auna za a ɗaure kusurwoyinsa da waɗannan turaku, ya samu mazauni guda a babbar taswira wanda wani ba zai hau kansa ba. Wannan taswira ta filaye, fili bayan fili da lambarsa, ita ce ƙashin bayan kowace rajista ta gaskiya. Sai dai sarƙar ta bi inda kuɗi yake: ma'adinai, layin dogo, unguwannin Turawa da ma'aikata. Ba ta shiga lungunan Nima ba. Ko takardun da aka yi wa rajista ma, da yawa zanen da ke manne da su ba a ɗaure shi da turakun ƙasa ba, shi ya sa fili ɗaya yakan fito a takarda uku da siffa uku.

Shekarar 1969 ta bar tabo biyu, ɗaya kowa ya san shi, ɗayan kuwa yana kwance cikin doka. Na farko shi ne umarnin gwamnatin Busia na 18 ga Nuwamba, wanda ya ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutum fiye da dubu ɗari suka tashi. Zanguna suka yi kuka, aka sayar da gidaje da arha cikin gaggawa, wasu aka bar su amana a hannun aboki ko ɗan haya, ba rubutu ba shaida. Rikicin wasu gidajen da ake yi yau, in aka bi saiwarsa, can za a tarar da ita. Tabo na biyu yana cikin tsarin mulki. Sashe na 266 na tsarin mulkin 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili ta har abada, bai kuma yarda a ba shi hayar da ta wuce shekara 50 a lokaci guda ba. Ya ƙara da cewa duk baƙon da ke da mallaka ta har abada a ranar 22 ga Agusta 1969, mallakarsa ta koma hayar shekara 50 daga wannan rana. Mai lissafi ya san wa'adin ya cika a 2019. Akasarin mutanen zango 'yan ƙasa ne haihuwar kaka da kakanni, dokar ba ta shafe su ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tebur aka ji sunansa aka tambaye shi garinsu na asali ya san cewa abin da doka ta faɗa daban, abin da za ka sha kafin ka tabbatar da shi daban. A nan takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa suka zama ɓangaren takardun gida.

Zuwa shekarun 1980 shari'un fili sun cika kotuna, bankuna suna ƙyamar karɓar gida jingina. A 1986 gwamnatin Rawlings ta kawo dokar rajistar mallaka, wadda ta ɗauko tsarin da Robert Torrens ya fara a Kudancin Ostireliya a 1858. 'Yan'uwanmu na Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka a yammacin Afirka sun riga mu saninsa, domin Faransawa sun shigo da irinsa tun 1906. Bambancinsa da na da shi ne, a nan fili ake buɗe wa shafi. Ana ayyana yanki, a raba shi sassa, kowane fili a ba shi lamba a taswirar rajista. Shafinsa yana ɗauke da bayanin wurin da girmansa, da sunan mai shi da irin haƙƙin da yake da shi, da duk wani nauyi da ke kansa, kamar jinginar banki ko hanyar da maƙwabci ke bi. Wanda sunansa ya shiga, gwamnati ta tsaya masa, ba a cire shi sai an tabbatar da zamba ko kuskure. An fara da Ankara da Tema da Kumasi, sauran ƙasa ta ci gaba da tsohuwar rajistar takardu, shi ya sa har yanzu tsari biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa.

A takarda tsari ne mai kyau. A aikace ya yi tafiyar hawainiya, domin maimakon gwamnati ta bi unguwa gida-gida ta auna ta tantance, sai aka bar wa mai buƙata ya nema da kuɗinsa. Ofisoshin ma a warwatse suke, kowanne da nasa kundi, har sai da dokar 2008 ta haɗa su ƙarƙashin Hukumar Filaye guda mai sassa huɗu: na safiyo da taswira, na rajista, na ƙiyasta daraja, da na kula da filayen gwamnati. Wanda ke son takardar mallaka yau sai ya ɗauko ɗan safiyo mai lasisi ya auna, hukuma ta amince da taswirar, ya yi bincike a kundi ko wani ya riga shi, ya kawo indenca mai hatimi daga wanda ke da ikon bayarwa. In ƙasar kujera ce, sai hukuma ta sa albarkarta, kuma haya za a ba shi, galibi ta shekara 99 in gidan zama ne, domin tsarin mulki ya hana a sayar da ƙasar kujera har abada ko ga ɗan ƙasa. Zai riƙa biyan kuɗin ƙasa duk shekara ta ofishin mai kula da filayen kujeru. Daga nan a buga sanarwa a jarida, a jira ko akwai mai ƙorafi, in babu a rubuta sunansa a ba shi shaida.

Yanzu a ɗora gidan zango a kan wannan ma'auni. Ɗan safiyo zai iya aunawa, ko da yake katangar da aka ƙara a 1975 ta ci rabin lungu. Wahalar tana wurin suna. Kaka ya rasu, aka raba gado yadda addini ya tsara, amma tun da gida ba ya yankuwa sai aka raba ɗakuna: wannan biyu, waccan ɗaya, ɗakin zaure na haya a raba kuɗinsa. 'Ya'yan suka rasu, jikoki suka gaji rabon ɗaki, wasunsu suna Legas, wasu suna Jidda, wasu suna Amurka. Littafi kuwa yana son a nuna masa sarƙa marar yankewa daga mai ƙasa zuwa mai nema, kowace gaɓa da takardarta: izinin kotu na kula da dukiyar mamaci, da takardar da ke miƙa gidan ga magada. Gidan da aka yi mutuwa uku ba a je kotu ko sau ɗaya ba, gaɓoɓi uku ne suka ɓace. Ni a ganina wannan ya fi kowace doka hana mu rajista, kuma laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne. Muna jin nauyin ɗaga maganar takarda a gaban manya, kamar wanda ya ɗaga ta yana jiran mutuwarsu ne ko yana shirin sayar da gida. Ana nan ana kunya har sai mai kuɗi ya zo da takardarsa daga wani reshen dangin masu ƙasa, lokacin da filin da kaka ya samu a bayan gari ya zama tsakiyar birni.

Kada a ɗauka daɗewa a wuri ba ta da daraja sam a shari'a. Dokar ƙayyade lokacin ƙara ta 1972 ta ba mai fili shekara 12 ya nemi filinsa daga wanda ya mamaye shi, in ya yi shiru ya wuce haka ƙararsa ta faɗi. Sai dai wannan garkuwa ta mai mamaya ce. Wanda ya zauna da izinin mai ƙasa ba ya cikinta, zango kuwa da izini ya zauna, abin da muke alfahari da shi ke nan. Shekara da shekaru matsayinmu yana rataye a nan, mun wuce 'yan haya, ba mu kai 'yan gida ba, ana tuna mana cewa kayan aro ba ya rufe katara.

A ƙarshen 2020 aka sa hannu a sabuwar Dokar Filaye, wadda ta tattara tsofaffin dokoki wuri guda. Jaridu sun fi ɗaukar maganar 'yan dabar gadin fili, da ta tanadar wa ɗaurin shekara 5 zuwa 15, da maganar cewa filin da ma'aurata suka saya cikin zaman aure ba a sayar da shi sai da yardar ɗayan. Ta kuma wajabta wa kujeru da dangi masu ƙasa su buɗe ofishin da zai riƙa rubuta kyauta da haya na gargajiya, har waɗanda aka yi da baki. Amma akwai sashen da ya fi kusa da ƙofarmu, ban kuwa ji ana karanta shi a majalisun zango ba. Sashe na 5 ya bayyana haƙƙin mora, wato haƙƙin da ɗan asalin wuri yake da shi a ƙasar kakanninsa, wanda ake gado kuma ake iya sayarwa. Sannan ya ce wanda ba ɗan asalin wuri ba, ko jama'a baƙi, ko zuriyarsu, suna samun wannan haƙƙi idan sun zauna shekara 50 ko fiye da izinin mai asalin ƙasa. Haƙƙin mora yana cikin waɗanda dokar ta yarda a rubuta su a rajista. Sabon Zango ya haura shekara ɗari, Nima ta haura tamanin.

Sashen yana da togiya: ban da inda aka zauna bisa sharuɗɗan da aka amince da su. Saboda haka komai ya koma kan abin da aka faɗa a ranar da babba ya durƙusa gaban mai ƙasa. Kyauta aka ba shi, ko aro, ko haya? Gaisuwar da ake kai wa fada lokacin bikin Homowo girmamawa ce ko kuɗin ƙasa? Lauyan dangin masu ƙasa zai ce sharaɗi ne, lauyan zango zai ce ladabi ne, alƙali kuma zai nemi shaida. Waɗanda suka halarci zaman duk sun kwanta dama. Waɗanda suka ji daga bakinsu kaɗan suka rage, yawancinsu tsofaffin mata ne da ba a kiransu taron fili. Rasiɗin harajin 1948 da ma'aikaci ya ture gefe ba ya nuna mallaka, amma yana nuna shekarar da gidan ke tsaye da sunan wanda ke cikinsa, kuma shekara 50 da irinsa ake ƙirga ta. 'Yar wasiƙar ajamin nan ma akwai buƙatar a nemo mai iya karanta ta tun tawadar ba ta gama ɓacewa ba, a ga ko kalmar da malamin ya rubuta kyauta ce ko aro.